Dasa ɗaɗɗori a tukunya cikin gida

Jama'a, ga masu neman shukar da ba ta da wahala: ku gwada ɗaɗɗori, wanda masana ke kira Cissus quadrangularis. Dangin inabi ne, karansa mai kusurwa huɗu yana tara ruwa, shi ya sa fari bai cika damunsa a daji ba.

Ba sai kun nemi iri ba. Ku yanki reshe mai gaɓa biyu ko uku da wuƙa mai tsafta. Kada ku dasa a take. Ku ajiye shi a inuwa kwana uku bakin yankan ya bushe tukuna, domin ɗanyen yanka in ya sha jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓewa yake yi. Saiwa daga gaɓa take fitowa, don haka a tabbata gaɓa ɗaya ta shiga ƙasa, kuma kada a dasa shi kai ƙasa.

Ƙasar ta zama rabi yashi, rabi ƙasar lambu da ɗan ruɓaɓɓen taki. Tukunyar ƙasa mai huji ta fi ta roba a ganina. Ruwa kuwa sai ƙasar ta bushe ƙayau. Yawan ban ruwa ne ke kashe shi, musamman lokacin hunturu.

A sa shi kusa da taga mai haske, a kafa masa sanda ya hau. In ya zubar da 'yan ganyensa da rani, kada hankali ya tashi, halinsa ne. Ruwansa yana sa ƙaiƙayi, a wanke hannu bayan yanka, a kuma nesanta shi da yara.