Kurakuran da aka fi yi wajen gyaran tsofaffin finafinan katun

Na gaji da ganin sababbin shiga suna ɗaukar gajeren katun na shekarun 1940, su wanke shi da kwamfuta har ya fita daga kamanninsa, sannan su ce sun gyara. Kuskure mafi muni shi ne sakar wa manhajar share tabo ragama. Manhajar tana kwatanta kowane hoto da na gabansa da na bayansa, duk abin da ta gani sau ɗaya tak sai ta ɗauka ƙura ce ta goge. To, a katun, siririn layin tawada na wutsiyar ɓeran da ya sheƙa da gudu ma haka yake bayyana, sau ɗaya a wuri ɗaya.

Ni kaina na ɗanɗana kuɗata. Wata uku na kwashe a kan wani fim na minti 7, sai da na haska shi a babban allo na ga kyanwar ba ta da gashin baki duk lokacin da ta juya kai, yatsunta kuma suna ɓacewa suna dawowa. Abin takaicin, na riga na goge kwafin farko don in samu wurin ajiya, dole aka sake ɗauko hotunan daga fim ɗin. Tun daga ranar nake ajiye ɗanyen kwafi a wuri biyu, nake kuma cire tabo da hannu, ko da yake minti 7 hotuna 10,080 ne.

Masu mayar da katun hoto 60 a daƙiƙa kuwa, don Allah ku daina. Hoto 24 ake haskawa a daƙiƙa, sau da yawa zane ɗaya yakan zauna a hoto biyu, kuma masu zanen da gangan suke jirkita fuska a hoto guda domin ido ya ji saurin motsi. Idan kwamfuta ta cusa nata hotunan a tsakani, marin da ya kamata ya sauka kamar walƙiya sai ya zama miƙa.

Kada a datse sama da ƙasa don hoton ya cika allon zamani, domin a ma'aunin faɗi 1.37 da tsayi 1 aka tsara mafi yawansu. Kwafin da aka ɗauko daga kaset na PAL, tsarin talabijin da ake amfani da shi a ƙasashe da yawa, yana gudu a hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24, saboda haka sai an rage saurinsa da na muryoyin.

Akwai kuma rashin bincike. Daga 1943 kamfanin Warner ya riƙa sake fitar da tsofaffin katun ɗinsa da tambarin Blue Ribbon, yana cire sunayen waɗanda suka yi aikin, kuma a ƙarshen shekarun 1960 an kwafi wasu marasa launi da hannu a Koriya ta Kudu aka shafa musu launi. Na taɓa ganin wanda ya ɓata makonni yana gyara irin wannan kwafin, yana zaton na asali ne. Gwangwanin fim da ke warin tsami kuma, wanda alama ce ta fim ɗin ya fara lalacewa, ni nakan raba shi da sauran nan take, in fara ɗauko hotunansa kafin ya kanannaɗe.