Idan aka zo gina dam a yankinku: abin da za ku fara yi

Ni ɗan fadamar Haɗeja ne. Mun taso muna jin yadda dattawa ke shuka shinkafa su jira ambaliya, ruwa ya janye su bi da wake. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ruwan ya daina zuwa da tsohon lissafinsa, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyinsa, tsuntsayen jan baki masu cin hatsi suka samu gidan kwana. Shi ya sa nake jan kunnen duk wanda ya ga masu awo a gonarsa.

Kafin a kafa turke ko ɗaya, ka auna gonarka gaban mai unguwa da maƙwabtan iyaka, a rubuta, kowa ya sa hannu. Ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya: mangwaro, ɗorawa, kuka, giginya, har rijiya da rumbu, ka ɗauki hotonsu. Dokar filaye ta 1978 abin da ke kan ƙasa take biyan diyyarsa, wato shuka da gini. Abin da ba a rubuta ba ya tafi ke nan.

Kada kowa ya je shi kaɗai. Ku kafa kwamiti, ku sa mata da masunta da makiyaya a ciki, domin burtali da mashaya su ake fara mantawa. Ku nemi gona a madadin gona. Kuɗin diyya ba ya kai damina biyu. A tsayar da maganar maƙabarta tun da wuri. Rikicin diyya ne ya kai ga kashe manoma a dam ɗin Bakolori a 1980, kuma dam ɗin Kainji ya tashi mutum kusan 44,000, tsohon garin Bussa yana ƙarƙashin ruwa.

Dokar 1992 ta wajabta binciken illar aikin ga muhalli, kuma ana baje rahoton don jama'a su duba. Ku tura mai ilimi ya karanto muku, ya duba me aka tanada kan tsargiya da sauro.

Ku kuma na ƙasa da dam, ku ne abin tausayi, don ba a kiran ku taro. Ku je da kanku. Ku nemi a rubuta watan da za a riƙa sako ruwa, da yawansa, da wanda zai sanar da ku kafin a buɗe ƙofa. Ku karɓi lambar wayarsa.