Yadda za ka zaɓi masu gina maka shafin kawo masu saye da sayar da gida a Legas

Kafin ka zauna da kowane kamfanin gina shafin intanet, ka fara yanke wa kake so ya kira ka. Mai zuba jari da ke neman tsohon gida a Agege ko Mushin, irin wanda magada ke son sayarwa su raba kuɗi, yana buƙatar shafin da ke magana da mai sayarwa. Wanda ya yanka filaye a Epe ko Ibeju-Lekki kuwa mai saye yake nema. Idan aka cusa su biyun a shafi ɗaya, kowa ya shigo sai ya ga kamar ba da shi ake ba, ya fita. In kana yin duka biyun, ka ce a ware wa kowanne shafinsa da fom ɗinsa.

Hanyoyi uku ne a kasuwa. Akwai manyan dandalin talla irin su PropertyPro, Nigeria Property Centre da Jiji, inda za ka biya ka saka kayanka kusa da na sauran dillalai. Suna da jama'a, amma rumfar haya ce a kasuwar wani. Akwai masu ba da shafi shiryayye da kuɗin wata-wata, kamar Carrot na Amurka, wanda da dala ake biya, kuma an tsara shi ne don kasuwar can, ba ruwansa da C of O, wato takardar shaidar mallakar fili da gwamnati ke bayarwa. Sai kuma a gina maka naka a kan WordPress, wata manhajar gina shafukan intanet. Shawararmu ga mai jarin da zai daɗe a harkar: ya gina nasa, ya riƙa amfani da dandalin tallan yana jawo mutane zuwa gare shi.

Maganar da ta fi kowace nauyi ita ce mallaka, kuma nan ne aka fi cutar mutanenmu. Sunan shafin, ko .com ne ko .ng wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi, dole a yi rajistarsa da sunanka da imel ɗinka, ba na yaron da ya gina ba. Haka wurin ajiyar shafin, da asusun Google Analytics mai ƙirga masu shiga shafi, da shafin Facebook, da lambar WhatsApp da ke jiki. Abin da ke faruwa shi ne, bayan shekara lokacin sabunta suna ya zo, saƙon tunatarwa ya tafi imel ɗin maginin, shi kuma ya canja layi ko kun ɓata. Shafi ya mutu, allunan da ka kafa a bakin titi suna nuna adireshin da babu shi. Tun ranar farko ka karɓi kalmomin sirri, ka shiga da kanka a gabansu, ka canja su. Ka kuma sa a rubuta a yarjejeniya cewa lambobin mutanen da suka cike fom naka ne kai kaɗai. Wasu masu wannan sana'a lamba ɗaya suke sayar wa dillalai da dama. Kafin ka kira, mutum ya riga ya gaji da kira.

Daga nan sai gwaji. Kada ka yarda a nuna maka aikinsu a kwamfutar ofis mai intanet mai ƙarfi. Ka nemi adireshin shafuka uku da suka gina wa wasu, ka buɗe su a ƙaramar wayar Android da datar layinka, a cikin kasuwa mai cunkoso irin ta Mile 12 ko wani wurin da sabis ke wahala. In ya wuce daƙiƙa uku zuwa huɗu bai buɗe ba, yawanci hotuna ne aka ɗora yadda suka fito daga kyamara ba a rage nauyinsu ba. Ka liƙa adireshin a PageSpeed Insights na Google, kyauta ne, zai nuna maka saurin shafin. Ka karanta rubutun shafukan ukun kuma: in magana ɗaya ce aka kwafa aka canja sunan unguwa kawai, Google ba ya ɗaga irin wannan sama.

Fom kada ya wuce gurbi huɗu: suna, lambar waya, unguwa, da kuɗin da mutum ya tanada ko farashin da yake nema. Maɓallin WhatsApp ya kasance a bayyane ba sai an gangara ƙasa ba. Ka cike fom ɗin da kanka ka ga ko saƙo ya iso wayarka nan take, domin sau da yawa yana faɗawa akwatin tarkacen imel, a yi makonni ana cewa kasuwa ta mutu alhali mutane na ta rubutowa. Tunda kana karɓar bayanan jama'a, dokar kare bayanai ta 2023 ta shafe ka, don haka a sa layin neman amincewa a ƙarƙashin fom.

Mai saye a Legas tsoron omo onile (masu iƙirarin gadon ƙasa da ke tatsar masu sayen fili) da filin gwamnati ne a ransa, saboda haka kowane fili a rubuta takardarsa ƙarara: C of O ce, amincewar gwamna kan cinikin filin ce, ko gazet, wato sanarwar gwamnati cewa ta sakar wa al'umma filin. A sa lambar rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni) da ta LASRERA (hukumar kula da harkar gidaje da filaye ta jihar Legas) a inda ido zai gani. A rubuta girman fili da murabba'in mita, don ɗan kasuwar da ya taso daga Kano fuloti ƙafa 50 da 100 ya sani, a Legas kuwa an fi cewa 60 da 120. In 'yan Arewa kake nema, ka sa mutum ya rubuta shafin Hausa, ba na'ura ba, ka ɗora gajeren bidiyon filin da muryar Bahaushe yana nuna hanya da makwabta.

Wajen biya, kashi uku: kafin aiki, bayan ka ga shafi yana aiki, sai cikon bayan an miƙa maka kalmomin sirri. Duk wanda ya yi maka alkawarin sahun farko a Google cikin mako biyu, ka riƙe kuɗinka. Kwangilar talla ta wata uku ta isa gwaji, kuma ba da yawan waɗanda suka leƙa shafi za ka auna ba. A misali, ka kashe naira 150,000 a wata, mutum 30 suka cike fom, 6 suka zo ganin fili: kowane mai zuwa ya tsaya maka 25,000 ke nan. Wannan lissafin za ka riƙa ajiyewa a littafi duk ƙarshen wata, tare da tambayar kowane mai kira inda ya ga lambarka.