Yadda Ake Tsara Kundin Halittu na Wasan Tatsuniya a Kan Tebur

Wasan tatsuniya na kan tebur, irin Dungeons & Dragons da ya fito a Amurka a 1974, wasa ne da 'yan wasa ke zama tare kowa na taka rawar wani jarumi a cikin labari. Yana tattare da halittu masu yawa, saboda haka ƙungiyar 'yan wasa da ke haɗuwa, a ce a Sakkwato, tana bukatar kundi guda da kowa zai riƙa dubawa.

A ware wa kowace halitta shafi ɗaya, a rubuta sunanta da mazauninta da ƙarfinta, tare da lambar da sai an samu a dayis (ɗan abin jefawa mai lambobi, irin na ludo) mai fuska 20 kafin a ji mata rauni. Dodon rijiya, alal misali, a nuna cewa ba ya nisa da ruwa, Gizo kuwa a ba shi maki mai yawa a yaudara, tunda wayonsa ya fi ƙarfinsa.

A ganina, raba kundin gida biyu ya fi komai muhimmanci. Jagoran wasa, wato mai ba da labarin, ya ɓoye lagon kowace halitta a nasa ɓangaren, 'yan wasa kuma su rubuta abin da jarumansu suka gani da ido kawai, ko da sun fahimce shi a baibai, domin a nan daɗin wasan yake. Mutum ɗaya ne zai riƙa tace sababbin shafuka. Idan a Google Docs (manhajar rubutu ta intanet) aka ajiye kundin, a buga kwafi a takarda saboda ɗaukewar wuta.