Masu dasa kariya, don Allah ku daina kashe ta da ruwa

Na gaji da ganin mutum ya sayo kariya wajen masu fulawa da kuɗinsa, bayan wata biyu ya dawo yana cewa wai marar lafiya aka sayar masa. Lafiyarta ƙalau malam, ruwa ka ɗura mata.

Wannan ƙaton gindin nata ai ruwa take ajiyewa a ciki, shi ya sa take rayuwa a daji cikin duwatsu ba mai ba ta ko kofi ɗaya. Amma sai ka ga an sa ta a bokitin fenti ba huda a ƙasa, an cika da laka, safe ruwa yamma ruwa kamar alayyahu. Abin da ya fi ƙona min rai lokacin hunturu ne, ta zubar da ganye, wanda ɗabi'arta ce, sai a ce ƙishirwa ce a ƙara mata, alhali lokacin ne ma ba ta sha sosai. Haka na rasa babbar tawa, na yi tafiya na bar wa maƙwabciyata, baiwar Allah da kyakkyawar niyya kullum sai ta ba ta, ina dawowa na danna gindin yatsana ya nutse, ga wari. Har yau abin na min ciwo wallahi.

Ni dai yashi nake sa wa fiye da rabi, sai ƙasa kaɗan da gutsattsarin gawayi, kuma ba na ba ta ruwa sai na tura yatsa na ji ƙasar ta bushe ƙayau. Watan Agusta kuwa tukunyar nake ja inda ruwan indararo ba ya dukanta. In ta fara ruɓa tumɓuke ta, ka yanke wurin da wuƙa mai tsabta har ka kai farin nama, ka shafa toka, ka bar ta a inuwa kamar sati kafin ka mayar cikin busasshen yashi.

Reshe ma haka, kar ka yanka yau ka dasa yau, bari bakin ya bushe. Inuwa kuma hana ta fure take, rana take so. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake.

Sannan ruwan jikinta dafi ne, har a kibiya ake sa shi a zamanin da, to a nisanta ta da yara da awaki, in ka yanka ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa ido.