Yadda zaka fidda ƙirƙirarka daga atiliye ka kai ta kasuwa

Duk sanda aka ce siyasar ƙasa kan kimiyya da fasaha sai mutane su ɗauka maganar manya ce ta Yamai, a zamna cikin otal a sha shayi a raba takarda a watse. To akwai gaskiya ciki. Tun 2007 shugabannin Afirka suka yi alkawalin kowace ƙasa zata ware kashi 1 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara don bincike, har yau mafi yawansu basu kai ba, alhali Koriya ta Kudu ta wuce kashi 4. Amma kai da kake da ɗan abinka, injin ɓarar gyaɗa da ka haɗa ko na'urar busar da tumatir da rana ko wata manhaja cikin salula, in ka ce sai kuɗɗin nan sun sauko zaka tsufa kana jira. Ƙofofi suna nan, ƴan kaɗan ne kuma wasu sai ka buga da ƙarfi, ga yadda ake bin su.

Ka fara da matsalar da wani ke asarar kuɗi a kanta yau, ba abinda zai burge mutane a Facebook ba. Dubi buhun PICS da ake adana wake ciki. Leda biyu masu kauri daga ciki, buhun saƙa ɗaya daga waje, a zuba busasshen wake a matse iska a ɗaure kowace leda daban, ƙwarin su rasa iska su mutu, ba magani ba hoda. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta kawo dabarar amma masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, a nan Maraɗi sun yi aiki sosai wajen gwada shi, daga 2007 aka shiga yaɗa shi ƙauyuka. Abinda ya sa ya karɓu shine manomi ya san zafin sayar da wake da arha lokacin kaka don tsoron ƙwari, ya dawo da bazara yana kallon ɗan kasuwa na sayar da waken nan da tsada. Kuma ka lura da yadda suka tallata shi, a ɗaure buhu gaban jama'a a bar shi wata da watanni, sannan a tara mutanen gari a kwance kowa ya sa hannu ya damƙo ya gani da idonshi. Kai ma haka zaka yi. Ba wanda zai sayi injinka don ka rantse.

Saboda haka ka samu kaye guda, wanga shine abinda samarinmu suka fi rainawa kuma shine ke kada su. Duk gwajin da ka yi ka rubuta, ranar nawa ga wata, tiya nawa ka zuba, minti nawa ya ɗauka, nawa ta fashe, mai nawa ya sha, mi ya lalace, nawa ka kashe wajen mai walda. Ka ba mata masu tuyar ƙuli su yi aiki da shi sati biyu kana gefe ka yi shiru, in suka ce hannun juyawar yayi tsawo ko yana zubar da mai ƙasa kada ka tsaya gardama, rubuta ka koma ka gyara. Ranar da zaka zamna gaban wani darakta ko mai bada jari abinda zai tambaya kenan, lissafi, in ka ce mishi wallahi yana aiki sosai zai ce Allah ya bada sa'a ya raka ka bakin ƙofa.

In kayenka ya fara cika sai ka nemi masu ilimin abin. Muna da jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a garin nan, akwai IUT, makarantar fasaha ta jami'ar, akwai tsangayar noma, ga cibiyar INRAN ta Tarna. Mutane na jin nauyin shiga saboda basu da diplom ko faransancinsu bai nuna ba, to ai malaman nan mafi yawansu Hausa suke ji, kuma kowace shekara suna da ɗalibai masu neman abinda zasu yi bincike kanshi su gama karatu. Ka tahi da abinka a hannu ko bidiyo, ka gaida malam da ladabi, ka ce ranka ya daɗe ga abinda na haɗa ina so a auna mini a gaya mini inda ya gaza. Kada ka fara da maganar kuɗi. Abinda kake nema gare su takarda ce mai sa hannu da ke cewa an gwada ga sakamako, ita ce zata ɗaga dosiyenka sama da na wanda ya zo da surutu kawai. Amma tun farko ku yi magana a fili, in ɗalibi yayi aiki a kan injinka sunan wa za'a sa, hakkin na wa ne, a rubuta, zumunci daban wannan daban.

Sai maganar kare hakki, nan kam ka natsu. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar Afirka mai kare hakkin ƙirƙira, mai hedkwata a Yawunde, ƙasashe 17 ne, ka ajiye takarda guda ta kare ka a dukkansu, kuma ba sai ka je Kamaru ba, hukumar AN2PI a Yamai ita ce ke karɓa ta miƙa. Shaidar ƙirƙira tana shekara 20 amma duk shekara akwai kuɗin da zaka biya in ka daina ta faɗi, akwai ƙarama ta gyaran kayan aiki mai shekara 10, sunan kaya da tambari shekara 10 ana sabuntawa. Sharaɗin shine abin ya zama sabo, to in ka riga ka buɗe cikin injin ka nuna komai a TikTok kai da kanka ka ɓata sabuntarshi. Nuna yana aiki, kada ka nuna yadda yake aiki sai ka ajiye takarda. Abu na biyu da ya shafe mu mu mutanen iyaka, Najeriya bata cikin OAPI. Kayanka na tsallaka Dan Isa ya shiga Jibiya takardarka bata da ƙarfi, mai walda a Kano zai kwaikwaya cikin sati kuma ba abinda zaka yi sai in ka yi rajista can ma. A ganina ƙaramin mai sana'a ya fara da rajistar suna da tambari, ta fi sauƙi, kuma yawancin injinanmu abinda ke riƙe mai saye shine ya san in ya lalace kana kusa kuma kana da kayan gyara.

Rajistar kamfani kuwa ba abin tsoro bace kamar yadda ake zuzutawa, ka je ɗakin kasuwanci na jiha ka tambayi yadda ake samun RCCM, takardar rajistar kasuwanci, da NIF, lambar mai biyan lanho. E zasu san da kai wajen lanho, amma in ba su ba zaka iya sayar wa proje ko hukuma ba, ba kuma bankin da zai saurare ka. In abin ci ne ko na sha kake sarrafawa, garin aya, man gyaɗa, zogale, sai ka ƙara da awon inganci, hukumar ANMC ce ke bada shaida.

Kuɗi su ne na ƙarshe duk da kowa da su yake so ya fara. Asusun FAFPA na tallafa wa koyon sana'a, asusun FISAN na ɓangaren noma da abinci, cibiyar CIPMEN a Yamai tun 2014 tana renon ƙananan kamfanoni, akwai gasa iri iri. Abdou Maman Kané mai ban ruwan lambu ta salula ta hanyar gasa duniya ta san shi, amma sai da ya haɗa abin yayi aiki cikin lambu tukuna. Ni dai shawarata jarin farko ya fito daga mai saye, mutum biyar su bada rabin kuɗi ka ƙera musu, ya fi kiredi mai ruwa da zai hana ka barci. Kuma duk wanda ya ce ka turo kuɗin buɗe dosiye ta WhatsApp za'a baka miliyoyi, toshe lambarshi.

Kada ka manta da kuran. Mun ga abinda ya faru a Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wuta, atiliye nawa suka tsaya cak. Duk abinda zaka ƙera ka yi tunanin zai iya aiki da pano ko da hannu, kuma kayan gyaranshi ana samu a babbar kasuwa ba sai an yi oda daga Sin ba. Wannan ba sabon tunani bane a jiharmu, Abdou Moumouni Dioffo da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunanshi a Tasawa aka haife shi a 1929, ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar makamashin rana ta ƙasa, yana ƙera murhu da tukunyar ɗumama ruwa masu aiki da rana tun kafin a haifi mafi yawanmu. In ka samu shiga taron da hukuma ta kira kan ƙirƙira, ka bar dogon jawabi ka roƙi abu ƙwara biyu, a sauƙaƙa kuɗin duwan kan batir da kayan ƙira, sannan in mairi ko wani proje zai sayi injin niƙa ko amalanken shara a fara duba wanda aka ƙera a Maraɗi.