Legas zuwa Guangzhou: yadda ake lissafin awannin tafiya

Duk wanda zai fara zuwa saro kaya Chaina, tambayar da yake kawo mini a shagona a Agege ita ce: “Alhaji, awa nawa ne?” Sai in ce ya ɗauko tikitinsa da biro, don lokutan da ke jikin tikiti suna ruɗin mutane. Kowane lokaci da ka gani a rubuce, agogon garin ne: na tashi na Legas, na sauka na Guangzhou. Chaina kuwa tana gaban Najeriya da awa 7.

Tsakanin biranen biyu kusan kilomita 11,700 ne a miƙe. Jirgin fasinja yakan yi kilomita 850 zuwa 900 a awa, ka ga da kai tsaye za a tafi ba tsayawa, awa 14 ta isa. Amma mu yada zango muke yi, a Adis Ababa ko Doha ko Dubai ko Alƙahira. Ni na fi son ta Adis, domin kusan a kan hanya take: Legas zuwa can kimanin kilomita 3,900, awa biyar da ɗoriya, daga can zuwa Guangzhou wajen kilomita 8,000, awa 10 zuwa 11.

Ga yadda za ka yi. A ce tikitin ya nuna tashi ƙarfe 1:30 na rana ran Litinin, sauka ƙarfe 4 na yamma ran Talata. A ido awa 26 da rabi ke nan. Cire 7, saura 19 da rabi. Ita ce tafiyarka ta gaskiya, har da zaman jira. In za ka dawo kuma ƙara 7 ɗin za ka yi. Dawowar takan ɗan fi tsawo, saboda iskar can sama ta fi kaɗawa daga yamma zuwa gabas.

Inda na fi so ka sa ido shi ne zangon. Tikiti biyu za su iya zama kuɗi ɗaya, amma ɗaya jiran awa uku ne, ɗayan na awa goma sha biyu a kan kujerar ƙarfe. Wanda jiransa bai kai awa biyu ba ma ba na shawartar sabon matafiyi ya karɓa. Jirgin farko ya ɗan makara, kai ka wuce da gudu, jakarka ta kwana. Kuma ka tuna Habasha tana gabanmu da awa 2, ka gyara agogonka da zarar ka sauka, kada ka tsaya alwala a natse ana can ana kiran sunanka.

Sai lissafin ƙasa, wanda babu shi a tikiti. Ka isa filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja awa uku kafin tashi, da fasfo da biza da katin rigakafin shawara a hannu. Daga Agege Ikeja ba nisa, amma mai tasowa daga Alaba Rago ko Mile 12 ya san abin da cunkoso ke yi, ya ware awa biyu. A can kuma akwai layin shige da fice na filin Baiyun, da jiran kaya, da motar da za ta kai ka unguwar Xiaobei inda mutanenmu suka fi sauka. Haɗa duka, daga ƙofar gida zuwa ɗakin otal, ka haura awa 24. Saboda haka kada ka sa wa dillalinka ranar shiga kasuwa sai washegarin saukarka.